Littattafan da Injiniya ya bari

Talata, da dare.

Yau aka buɗe ofishin Injiniya a karon farko tun rasuwarsa, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma ni aka ce in ware kayan kamfani da na iyalinsa. Ofishin yana can ƙasa, jikin ɗakin injina, inda ƙarar famfuna ba ta yankewa. An sha ba shi ɗaki a sama tare da manya, ya ƙi. Cewa yake in famfo ya fara canja murya, yana so ya ji da kunnensa kafin kwamfuta ta gaya masa.

Kayan ba su da yawa: hular kwano, tocila, ma'aunin zafi, sai littattafan rubutu jere a kan kanta, kowanne da shekararsa a bango. Na buɗe ɗaya, na kasa rufewa. Kowace safiya ya rubuta zafin ruwan da ke fita daga babbar na'urar sanyaya gini da zafinsa in ya dawo, digiri 7 a fita, 12 a dawowa. Ranar da tazarar ta ragu sai ka ga ya zagaye lambar da jan biro, a gefe ya rubuta hawan da yake zargi. Shi ya koya mini cewa in ruwa ya dawo da sanyinsa, to bai yi aikinsa ba, ko dai wani bawul ya maƙale ko datti ya toshe hanya, kuma kuɗin wuta ne ake ƙonawa a banza.

Mutane sun ɗauka sashen gine-ginen kamfani ciniki ne kawai, a kama haya, a saki haya, a lissafa teburi nawa za su shiga kowane hawa. Akwai wannan, amma kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya Injiniya ake turawa ya duba ginin. Dillali na jan mu zuwa zauren shiga mai ƙyalli, shi kuwa yana tambayar makullin rufin bene da na ɗakin ƙasa. Shekarar na'urar sanyi nawa? Irin waɗannan na'urori sukan yi shekara 20 zuwa 25. In ta mutu a tsakiyar wa'adin haya, wa zai biya, mu ko mai gini? Na taɓa ganin ya tsayar da wata haya da kowa ya gama yabawa saboda layi ɗaya a cikin takarda wanda ya ɗora mana sauya lifta. Ransu ya ɓaci a lokacin, bai kuma janye ba.

Da hantsi 'yarsa ta zo karɓar kayansa. Ta tsaya tana kallon littattafan, ta ce, "Yaya, wai ainihin mene ne aikin Baba a nan? A gida ba ya faɗa." Na rasa ta inda zan fara, sai na hau da ita rufin bene na nuna mata hasumiyar sanyaya ruwa, wato inda ake fesa ruwan da ya ɗauko zafin na'urar sanyi iska ta huce shi.

A nan ne hankalinsa ya fi tsayawa duk tsawon aikinsa. Duk sabon ma'aikaci sai ya ba shi labarin abin da ya faru a Filadelfiya ta Amurka a 1976, lokacin da tsofaffin sojoji suka yi taro a wani otal, fiye da mutum 200 suka kamu da ciwon huhu, 34 suka mutu. Sai a farkon 1977 aka gano ƙwayar cutar, daga baya aka sa mata suna Legionella, kuma na'urar sanyin otal ɗin aka fi zargi da yaɗa ta. Ƙwayar tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, musamman inda ruwa ya kwanta, iska kuma ta kwashi feshinsa zuwa huhun mutane. Shi ya sa ba ya yarda tankin ruwan zafi ya sauka ƙasa da digiri 60, ba ya kuma barin bututun da aka daina amfani da shi a maƙale da ruwa a ciki. "Yaro," yakan ce mini, "mutanen da ke sama ba su san sunanka ba, amma iskarka suke shaƙa." Na faɗa mata haka. Ta daɗe tana share hawaye, sannan ta roƙi a bar mata littafi ɗaya. Na ba ta na shekarar da ya kama aiki.

Bayan azahar gwajin janareto ya zo, na yi shi yadda ya saba. Wasu kan tayar da injin ya yi ta gudu babu kaya, wato babu abin da ke jan wuta daga gare shi, su rubuta an gwada. Shi bai yarda da wannan ba, domin injin dizal da ke aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba ya ƙona mai sosai, baƙin maiƙo ya riƙa taruwa a salansa, ran da ake buƙatarsa ya ba da kunya. Na ɗora masa kaya, na tsaya har ya yi zafi, na leƙa ƙasan tankin mai ko ruwa ya taru.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne taron yamma. Ana neman inda za a rage kashe kuɗi, wani ya kawo shawarar a rage yawan gwajin ruwa, hujjarsa wai shekara da shekaru ba a taɓa samun matsala ba. Raina ya sosu ƙwarai. Ai rashin matsalar shi ne aikin mutumin da muka rasa, ba sa'a ba ce. Na sauka na ɗauko littafi, na buɗe shafin da gwaji ya nuna ƙwayar ta fara yawa, da shafi na gaba inda ya rufe hasumiyar a daren aka wanke ta da sinadari, kafin kowa ya yi ko tari. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan gwajin da ake so a cire shi ya kama ta."

Ba a yanke hukunci ba, an ɗage maganar zuwa mako mai zuwa, an ce in kawo bayani a rubuce. Zan kawo. Gobe da sassafe ɗan kwangila zai zo ɗiban ruwan gwaji, kuma na riga na gaya masa har bututun hawa na ƙarshe za mu bi, wanda masu haya suka tashi suka bari.