Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Neman Matsuguni a Abuja

A makon jiya na tsaya a inda aka yi wa Abban Hanif canjin wurin aiki zuwa hedikwata a Abuja. Shi ya fara yin gaba a farkon 2017, yana raɓe a ɗakin wani abokinsa a Nyanya, ni kuma na zauna a Tudun Wadan Zariya da yara uku. Duk waya maganarsa ɗaya ce: "Maman Hanif, ki ƙara haƙuri, ban samu gida ba tukuna." Da na gaji da haƙurin sai na bar yara wajen Inna na bi shi.

Maitama da Asokoro ko sunansu ba mu kama ba, waɗannan na masu hannu da shuni ne. Gwarimpa ce ta ɗan ja hankalina, har dillali ya faɗi kuɗin ɗaki biyu da falo, muka kalli juna muka yi gum. Kuma a garin ba a san biyan wata-wata ba. Kuɗin shekara za ka dire a dunƙule, wani mai gidan ma na shekara biyu yake so, ga kashi 10 cikin 100 na dillali, ga na lauya, ga wani da ake riƙewa wai ko ka lalata musu gida. Leƙa gidan ma sai ka ba dillali na mai.

Shi Mararaba yake so. Ita da Ado da Masaka duk cikin jihar Nasarawa suke, amma can ma'aikatan Abuja da yawa suke kwana, saboda haya da sauƙi, ga 'yan uwa Hausawa, ga kasuwa. Gidan da ya nuna min ba laifi, har da rijiyar burtsatse. Na ce na ji, amma ina so in ga hanyar da safe. Washegari muka fito bayan sallar asuba, muka tarar titin ya riga ya cushe tun daga Nyanya, motoci na jan ciki a tudun Kugbo kafin su gangara shataletalen AYA. A gefenmu wata ƙaramar bas ta makaranta ta tsaya, yara cike cikin kayan makaranta, kusan duk barci suke yi. Wata yarinya sa'ar 'yata Yusra ta jingina kai da gilashi, baki buɗe, guntun biredi a hannunta ko rabi ba ta ci ba.

Na ce, "Abban Hanif, abin da za mu rage a haya a titin nan za mu zubar da shi, har da barcin yaranka."

Bai ce komai ba, amma da yamma ya ce mu je gaida Yaya Hajara a Suleja. Babbar yayarsa ce, tana can tun kafin gwamnati ta baro Legas a 1991. Ta saurare mu tsaf, sannan ta dube ni ta ce, "Ke da kike malama, ai makaranta ake fara nema a garin nan. In kin samu, sai ki nemi gidan da yaro zai taka da ƙafarsa." Ta so mu zauna kusa da ita, amma Suleja ta yi nisa da ofishinsa. Ita ta kawo maganar Kubwa: titinta mai faɗi ne har cikin gari, wasu unguwannin na samun ruwan famfo daga madatsar Usuma, akwai babban asibiti, ga tashar jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, wanda zai sauke mu Rigasa a Kaduna in za mu gida.

Nan fa na ɗaura ɗamara. Na koyar a firamare bayan na gama FCE Zariya, don haka fenti da allon ƙofa mai ɗauke da "International" ba sa ruɗa ni. Wasu makarantun kuɗin gidajen haya ne kawai aka raba ɗakuna, ba filin wasa, ba iska. In na shiga, ban fara da ofishin shugaba ba, banɗaki nake cewa a nuna min. Daga nan in roƙi littafin rubutun wani yaro ɗan aji uku in duba: yaushe malami ya yi masa jan biro na ƙarshe, ya gyara kuskure ko maki kawai ya dangwala? Sai in tambayi malamar shekararta nawa a wurin. Inda duk malamai sababbi ne, to ba a biyansu albashi a kan kari, kuma yaro zai yi ta canjin hannu kamar kuɗin cefane. Kuɗin zango kuwa kada ki yarda da wanda aka fara faɗa miki. Ki ce a rubuta miki har da na yunifom, littattafai, mota da bikin ƙarshen shekara, a nan ake yanka mutum.

Na leƙa ta gwamnati, wadda suke kira LEA. Gaskiya malaman sun san aikinsu, wasu ma sun fi na makarantun kuɗi takardu, sai dai ajin da na gani ya cika har bakin ƙofa, Hanif kuma yaro ne mai shiru, zai ɓace a ciki. Islamiyya ma ta zama abin lissafi. A Zariya ta bayan layinmu suke zuwa da yamma, kuɗin wata bai taka kara ya karya ba. A nan masu haɗa boko da hadda har la'asar kuɗinsu ya kusa ninki biyu.

A ƙarshe na tsaya kan wata ƙarama mara suna, shugabarta dattijuwa ce da ta san kowane yaro da sunan uwarsa. Akwai Islamiyyar yamma a masallacin da ke kusa. Gidan da muka samu a bayanta tsoho ne, ɗakunan ƙanana, layin kuma in an yi ruwa sai ka tattare zani. Ya fi na Mararaba tsada, har sai da na sayar da awarwarona biyu muka cike. Muka biya ranar Alhamis, dillali ya ce mu zo Asabar mu karɓi makulli.

Da muka zo Asabar ɗin, mun tarar da labule a taga da wata mata tana shanya a tsakar gidan. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.