Baƙon da ya riga ni zuwa Arcella

Ɗakin da na fara kamawa a birnin Padua na ƙasar Italiya yana unguwar Arcella, bayan tashar jirgin ƙasa, inda baƙi suka fi yawa. Ina wanke kwanuka a wani gidan abinci har dare ya raba, ina jiran takardun zama da suka ƙi fitowa, Italiyancina kuma bai wuce gaisuwa ba.

Sunan Waliyi Antoni na san shi tun a Kafanchan. In mabuɗi ya ɓace, mahaifiyata shi take kira. Ban taɓa tambayar ko shi wane ne ba.

Wata yamma ta 12 ga Yuni, tsohuwar da ke ƙasan benenmu, wadda nake ce wa Mama, ta ƙwanƙwasa min ƙofa. "Ɗana, sa takalmi, zo ka ga Il Santo." Haka kawai suke kiran Waliyi Antoni a nan, wato Waliyin, ba sai an faɗi suna ba. Muka tsaya bakin titi, sai ga shanu biyu na jan amalanke, jama'a na biye a hankali, ana tuna yadda aka ɗauko shi daga Camposampiero, wani gari kusa da Padua, yana jinya, rai ya yi halinsa a nan Arcella ranar 13 ga Yuni 1231, bai kai ga shiga birni ba.

Mama ta ce, "Shi ma ba ɗan ƙasa ba ne, ka sani?"

Ashe a Lisbon ta ƙasar Portugal aka haife shi, a 1195, sunansa na yanka Fernando. Ya shiga ƙungiyar Faransiskan, mabiya Waliyi Faransis masu zaman talauci da wa'azi, a 1220, ya tafi Maroko wa'azi, zazzaɓi ya kwantar da shi. A hanyar komawa gida guguwa ta kaɗa jirginsu zuwa Sisili. Da na ji Sisili sai jikina ya yi sanyi, don nan aka sauke mu daga teku, ba takalmi a ƙafata. Bayan haka ya zauna a wani ƙaramin gidan ibada a Montepaolo yana aikin kicin, ba wanda ya san malami ne, sai da aka rasa mai wa'azi a Forli a 1222 aka ce ya tashi.

Abin da ya fi ƙara min ƙaunarsa shi ne maganar bashi. A 1231 ya sa hukumar Padua ta yi doka cewa wanda ya kasa biya, ya kuma miƙa abin da ya mallaka, kada a kulle shi. Ni da ke ɗauke da bashin hanya na san nauyin wannan.

Washegari na bi layi a babban cocinsa. Mutane na dafa marmarar kabarin da tafin hannu, gefe cike da hotunan jarirai da wasiƙun godiya. Na dafa nawa, dutsen da ɗumin hannun waɗanda suka gabace ni. Da Hausa na yi addu'a. Da na fito aka miƙo min ɗan burodi mai albarka, na raba biyu, na kai wa Mama rabi.