Ranar da na je Tafkin Eden

Kuskuren farko nawa ne. Ban san Kwalejin Black Mountain, tsohuwar makarantar Amurka da ta shahara a koyar da zane da fasaha, ta zauna a wuri biyu ba. Muka baro Asheville a jihar North Carolina, tafiyar kusan mil 15, na kai mu Blue Ridge Assembly, inda kwalejin ta fara a 1933 cikin wani ƙaton farin gini mai ginshiƙai da ta karɓa haya daga ƙungiyar YMCA. Wurin da kyau, sai dai ba nan aka ce mu haɗu ba. Abokin tafiyata ya ce, "Malam, matambayi ba ya ɓata, amma kai ka ƙi tambaya." Muka juya zuwa Tafkin Eden a ɗaya gefen kwarin, inda kwalejin ta koma daga baya, muka tarar har an fara zagayawa da baƙi a harabar.

Wanda zai je ya san wannan: harabar ba ta kwalejin ba ce yanzu. An rufe ta a 1957, wurin kuma ya koma sansanin hutun yara maza mai suna Camp Rockmont. Ba a faɗa masa haka kawai. Ta hannun gidan tarihin kwalejin da ke Asheville muka yi rajista. A kuma sa takalmin da zai jure hawa da gangara. Nawa na zuwa biki ne, na kuwa ji a jikina.

Ni malamin zane ne, kuma na daɗe ina jin sunayen da suka ratsa nan: Josef da Anni Albers, waɗanda suka baro Jamus bayan 'yan Nazi sun tilasta rufe makarantar zane da gine-gine ta Bauhaus, da Jacob Lawrence, da Ruth Asawa, da Robert Rauschenberg. A raina na zana wata gagarumar haraba. Abin da na gani ɗakunan katako ne, da tafki, da dogon gini guda ɗaya a kan tudu.

Wannan ginin na karatu shi ya riƙe ni. Masu tsara gini Walter Gropius da Marcel Breuer suka fara zana wa kwalejin gine-gine, kuɗi ya gagara. Sai A. Lawrence Kocher ya zana wanda hannun ɗan koyo zai iya ɗagawa, ɗalibai da malamai suka gina shi da kansu tsakanin 1940 da 1941. Na dafa duwatsun da ke ƙasansa, ba su daidaita ba, wani ya leƙo wani ya shige, kamar haƙoran tsoho. A ƙarƙashin ginin, jikin bangon da ke tallafe da shi, akwai zane biyu da Jean Charlot ya yi a kan ɗanyen shafe a 1944. Launin ya koɗe, iska da danshi sun ci rabonsu. Babu gilashi, babu igiyar hana matsowa. Na tsaya har jama'a suka yi nisa, sai da aka kira ni.

Ɗakin cin abinci na bakin tafki kuwa, in ba a gaya maka ba sai ka wuce shi. A cikinsa mai tsara kiɗa John Cage ya shirya wani shahararren wasa a 1952, inda ake karatun waƙa, ana kiɗa, Merce Cunningham na rawa a tsakanin 'yan kallo, duk lokaci guda. A nan kuma Alma Stone Williams, baƙar fata ta farko da ta yi karatu a kwalejin, ta zauna cin abinci da turawa a 1944, lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfin doka a kudancin Amurka. Wannan ya fi wasan Cage taɓa ni, ko da yake shi aka fi ba da labari.

Labarin da ya fi ba ni dariya na mai ƙirƙira Buckminster Fuller ne. A 1948 ya tara ɗalibai su ɗaga ƙubba da siraran fallayen labulen taga. Ta ƙi tashi, ta baje a ciyawa, aka laƙaba mata suna mai kwanciya rigingine. Ba wanda ya kore shi. Shekara ta zagayo ya dawo, wata ƙubbar ta tsaya. Na tuna sau nawa na karɓe fensir daga hannun ɗalibi na gyara masa layi don kada aikin ya lalace a gabana.

An ce da aka tambayi Josef Albers abin da ya zo yi a kwalejin, da ɗan guntun Turancinsa ya ce buɗe idanu. Da na koma aji, na raba wa ɗalibaina tsofaffin jaridu, ba almakashi, ba gam, na ce kowa ya sa tasa ta tsaya da ƙafarta. Na zuba hannuwana a aljihu don kada su yi karambani. Rabinsu suka faɗi kafin a tashi. Wata yarinya a kujerar baya ta ce, "Malam, tawa ta kwanta, in sake?" Na miƙa mata wata jaridar.