Talata: dubu ɗaya, in ji Yaya

Da asuba na ja kejin kaji uku zuwa sabuwar ciyawa. Tayar na tsakiya ta sake zarewa. Kaza ɗaya na ɗingishi, na ware ta.

Da hantsi Yaya ya leƙo, ya tsaya yana kallonsu suna tsattsagar fara, sai ya ce: "Kai wai har yaushe za ka yi ta wasa da ɗari biyu? Zuba dubu mana kafin salla." Na ce to Yaya. Amma maganar ta ƙi barina, har a sallar azahar ina lissafi, Allah ya yafe.

Kejin nan ƙafa 10 ne da 12, irin wanda Joel Salatin ya yaɗa a Virginia ta Amurka, kowane na ɗaukar kaza 75. Dubu na son keji 14 ke nan, kuma kullum sai an ja kowanne gaba, in ba haka ba su kwana kan kashinsu, zawon jini ya shigo. Mako biyar a waje zai ci fili fiye da rabin hekta, kuma inda suka taka ba a komawa sai ciyawa ta farfaɗo. Da damina da sauƙi. Da rani fa, wace ciyawar?

Abinci: kowace kazar nama za ta ci wajen kilo huɗu da rabi kafin mako bakwai, dubu za su ci buhu 180 mai kilo 25. Ruwa ya fi ba ni tsoro. In sun girma lita 300 a yini, jarka 12, da bazara har ya zarce. Ruwan rigakafin Lasota, na cutar Newcastle, kuma ba a ɗiba a famfo, kulorin na kashe maganin. A hana su sha na awa ɗaya ko biyu, sannan su shanye cikin awa biyu. In mazubi kaɗan ne, masu ƙarfi za su sha, raunana su tashi a tutar babu.

Sannan wa zai saye dubu a mako guda? Duk kwanan da suka ƙara bayan sun kai, ribar suke ci.

Da magariba na kira shi, na ce Yaya ɗari biyar dai, kashi biyu, mako uku tsakani. Ya yi dariya ya ce tsoro. Wataƙila.

Shirwa ta yi shawagi sau biyu. Tayar har yanzu ban gyara ba.