Kafin ku zuba tana a cikin taki

Ƙannena masu sha'awar haɗa taki da tana, wato tsutsar ƙasa, ku ɗauki aikin nan a matsayin kiwo. Ni da tunanin juji na shige shi: a tara shara da kashin dabbobi, a watsa tsutsotsi, a dawo a kwashi taki. Kusan duk asarar da na yi daga wannan tunanin ta fito.

Mafi ciwo ita ce ta ɗanyen kashin shanu. Na cika akwati da shi, na haɗa da ɗanyar ciyawa, na zuba tsutsotsi a ranar, ina ganin gata na yi musu. Ashe tarin ɗanyen taki idan ya fara ruɓa yakan ɗau zafi har ya haura digiri 60, alhali tsutsar ba ta jure abin da ya wuce 35. Waɗanda suka samu hanya suka gudu, sauran suka narke a ciki. Don haka ku tara kashin da ganyen a gefe tukuna, ku yayyafa ruwa, ku riƙa juyawa na mako 2 zuwa 3. Sai kun tura hannu can tsakiya kun ji ba ɗumi sannan ya zama abinci. Kashin kaji kuwa ya fi kowanne haɗari saboda gishiri da warin nan mai hawa ido. Ku bar shi ya daɗe, ku cakuɗa shi da busasshen ganye mai yawa. Kuma ko kun tabbata, ku fara gwadawa da tsutsotsi kaɗan. In sun nutse ciki sun zauna, madalla. In sun bi bango suna neman fita, abincin bai yi ba.

Dalilin wannan jira shi ne tsutsa ba ta da haƙori. Abin da ya fara laushi take haɗiya, tare da ƙananan halittun da ke ruɓar da shi, ta niƙa a ƙundu irin na kaza, shi ya sa ɗan yashi kaɗan ke taimaka mata. Ana cewa takan ci kusan rabin nauyinta a rana, amma wannan sai komai ya daidaita. Ni na riƙe lissafin nan kamar doka, ina ta jibga abinci kullum, har ya yi tsami, ƙudaje suka taru. Ku duba tukuna: in na baya bai kusa ƙarewa ba, kada ku ƙara. Nama, mai, gishiri, albasa da ɓawon lemo mai yawa ba nasu ba ne.

Na kuma ɓata lokaci da tsutsar da na tono a gona don in huta da neman iri. Ita mai haƙa rami ce a cikin ƙasa, ba ta zama a akwati. Masu aikin su ne waɗanda ke rayuwa a saman ruɓaɓɓen ganye, irin su jar nan Eisenia fetida, wadda ta fi son digiri 15 zuwa 25, da Eudrilus eugeniae, wadda ta fi ta girma da son ɗumi amma sanyi ke kashe ta. Ku zaɓi wadda ta dace da yanayinku.

Sai ruwa. Ta fata tsutsa ke numfashi, in ta bushe ta mutu, in kuma wurin ya cika da ruwa iska ta yanke. Ku damƙi takin a hannu ku matse: ɗigo ɗaya ko biyu ya isa. Akwatina na farko ba shi da huji a ƙasa, sai gindinsa ya koma taɓo mai ɗoyi. Ku huda, ku ajiye a inuwa, ku rufe da jiƙaƙƙen buhu, kada zurfin ya wuce kamu ɗaya. In kun ga tururuwa sun shigo, yawanci alamar bushewa ce. Kaji da ɓeraye kuwa murfi ne maganinsu.

Bayan wata 2 zuwa 3 takin zai yi baƙi, ya yi gari-gari, da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan sama. A nan ma na yi gaggawa: na tankaɗe shi duka na kai gona, ban lura da 'yan ƙwayayen tsutsar masu ruwan ɗorawa ba, waɗanda ke ƙyanƙyashewa cikin kimanin mako 3. Iri na kwashe na zubar da hannuna. Hanya mafi sauƙi ita ce ku tura tsohon takin gefe guda, ku sa sabon abinci a ɗaya gefen, ku ba su 'yan makonni su ƙaura da kansu, har da waɗanda za su ƙyanƙyashe. Abin da kuka kwasa kada ku shanya shi a rana. Ku ajiye shi a inuwa da ɗan danshinsa, domin wani ɓangare na amfaninsa na cikin halittun da ke raye a ciki. Wajen sawa, cikin hannu ɗaya a ramin shuka ya wadatar, a rufe da ƙasa a ba shi ruwa.