Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Shekarar da Majami'armu Ta Cika 50

A makon jiya na tsaya a inda aka ba ni aikin koyarwa a firamaren garinmu, a ƙasar Sumaila. Ban daɗe da kama aiki ba dattawan ikilisiya suka yi sanarwa bayan sujadar Lahadi cewa majami'armu ta ECWA za ta cika shekara 50, za a yi biki da kaka. Lokacin ya yi wa kowa, don manomi ba ya da abin baiko sai gero da dawa sun shiga rumbu.

Aka kafa kwamiti, aka yanka wa kowane gida kwanon hatsinsa. Zumuntar Mata ta ɗauki girki da anko, matasa suka kama fenti da gyaran bencina. Ni kuwa Baba Fasto ya ce, "Malama, ke ce mai alƙalami, tarihi naki ne."

Takardar da ya miƙo mini ta fara da 1893, shekarar da 'yan mishan uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankin nan na kudu da Sahara a lokacin, mafarin SIM ke nan, ƙungiyar mishan da ECWA ta fito daga cikinta. Ta ambaci fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da kafuwar ECWA a 1954, sannan jerin fastocin da suka zauna da mu. Duk gaskiya ne, amma na duba sama da ƙasa ban ga mutanen garinmu ba.

Sai na tafi wurin Iya, kakata ta wajen uba. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, da tabarau ɗaure da zare. Na ce, "Iya, wa ya gina majami'ar farko?" Ta ajiye faifai ta nuna mini tsakiyar kanta. "Taɓa nan. Tulu ne ya cinye gashin."

Ta ce mutanenmu Maguzawa ne a lokacin. Wan mijinta ya tafi neman magani asibitin kutare na Yadakunya, wanda 'yan mishan ke kula da shi a wancan zamani. Ya dawo da yatsu biyu a dungule, ya iya karatun boko, ga Littafi naɗe cikin tsumma. Ƙarƙashin tsamiya suka fara taruwa, yana karantawa suna maimaitawa. Da rani maza suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, mata suna jido ruwa daga rijiya tun asuba, wasu da goyo. Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen taya ne da aka rataye a reshe. Saboda ta bi wannan sabon addini, mahaifin Iya ya yi damina biyu bai ci tuwonta ba. Ta faɗi wannan ba tare da ɗaga murya ba, ni ce hawaye ya hana ni rubutu.

Ta lissafa mini matan da suka yi jidon ruwan, har da laƙabinsu. Uku kaɗai suka rage a raye, kuma babu ko ɗaya a cikin waɗanda kwamiti ya shirya karramawa.

A zama na gaba aka kawo shawarar rushe tsohon ɗakin ƙasar, wato majami'ar farko, wai a sami filin kafa rumfar manyan baƙi daga Kano. Ni ce ƙarama a wurin, kuma mace, amma na miƙe. Na ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Baƙo yini guda zai yi ya tafi. Ɗakin nan guminsu Iya ne, a bar mu mu yaɓe shi." Na kuma roƙa a karanta sunayen matan kafin na kowa.

Shugaban dattawa ya yi gyaran murya ya ce za a duba. Maganar sunaye ta wuce a ranar, ta ɗaki kuwa ta raba kwamiti biyu. Labari ya fita gari, har ya kai kunnen Mai Unguwa, wanda Musulmi ne kuma ƙanen kakana. Washegari da sassafe ya aiko yaro a kira ni. Abin da ya faɗa mini a zaurensa, da shi za mu fara mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.