Bakina ya riga ni cewa lafiya lau

Talata, da dare.

Da asuba a kan kujera na yi salla, kamar kullum tun bara. Gwiwar dama ce mafari, tun ranar da na diro daga babbar mota a Iraƙi da kaya niƙi-niƙi a bayana. VA, hukumar tsofaffin sojojin Amurka, ta daɗe da yarda aikin soja ne sila, ta ƙiyasta nakasar a kashi 10 cikin ɗari, tana biyana diyya a kanta. Ciwon baya shi ne sabon baƙo. Shekara da shekaru ina ɗingishi, ina jibga nauyina a ƙafar hagu, har ƙugu ya karkace. Dokarsu ta ce ciwon da raunin soja ya haifa, ko ya tsananta, shi ma a biya diyyarsa. Na cike fom 21-526EZ, likitana ya rubuta wasiƙa cewa yiwuwar gwiwar ce ta jawo ya kai rabi da rabi, iyakar abin da suke nema ke nan. Yau aka kira ni awo.

Uwargida ce ta tuƙa. Tun a hanya take ja min kunne: "Malam, don Allah yau ka ajiye dauriya a mota. Ba gaida surukai za ka je ba."

Na ce to. Muna shiga likitar ta tambayi jikina, bakina ya riga ni: lafiya lau, da sauƙi. Da Turanci na faɗa, amma Bahaushen cikina ne ya amsa. Ina ganin ta sunkuya tana rubutawa gabana ya faɗi. Mu haka aka raine mu, ko a gadon asibiti kake sai ka ce alhamdu lillahi, soja kuma ya ɗora nasa, haɗiyi ibuprofen, kora da ruwa, koma layi. Sai da uwargida ta yi gyaran murya daga lungu na farga. Na ce a gafarce ni, gaisuwa ce na yi, yanzu zan ba da amsa. Na faɗa mata ran da ciwon ya motsa matata ke sa min safa, kuma na manta rabon da goshina ya taɓa ƙasa a sujada. Wannan ta ƙarshen ban taɓa furta ta ko ga abokaina ba, sai ga shi na faɗa wa baƙuwa.

Ta ɗauko wani ma'auni na roba mai hannu biyu kamar almakashi, ta ce in duƙa, in tsaya daidai inda zafi ya fara. Mai lafiya yakan kai digiri 90. Wanda ya haura 30 amma bai wuce 60 ba kashi 20 ake ba shi. Raina ya so in ƙara kaɗan don kada a ce raki nake yi. Na tsaya.

Bayan isha'i babban ɗana ya ce ai 20 da 10 talatin ne, me zai sa in nemi biro? Na ce lissafin VA daban yake: a cire 20 daga ɗari, saura 80, goman gwiwa a cikin 80 ɗin ake ɗibarta, 8 ke nan, jimilla 28, sai a cika ta 30. Ya ce to ba ga shi ba, talatin ɗin dai. Na bar masa. A 30 ɗin ne ake fara ƙara wani abu saboda mata da 'ya'ya, idan Allah ya sa aka amince.

Ƙwannafi ya sake taso min bayan tuwo. Uwargida ta ɗaga kwalbar ibuprofen daga kan tebur, ta girgiza ta, ta ce shi ma wannan jikan gwiwar ne, gobe in kira likita.